Ranar Da Aka Ƙona Gonar Rake

Akwai wani maƙwabcinmu a nan Mazabuka, sunansa Milimo. Shi ne shugaban masu saran rake a gonar da ke bayan gidajenmu. 'Yan uwana iyaye, har yau in na tuna abin nan sai gabana ya faɗi.

'Ya'yansa biyu ne. Choolwe, babban, kullum shi ke zuwa na ɗaya. Ƙanwarsa Miyanda kuwa, 'yar shekara tara, karatu na ba ta wuya.

Ranar da za a rufe makaranta a Disamba, matar Milimo ta yanka kaza, za a yi 'yar walima kamar yadda muka saba duk ƙarshen shekara. Yaran na sa takalma, Milimo ya ce:

"Ke Miyanda, in kin sake faɗuwa bana, kar ki tako min ƙofar gida."

Matar ta ce, "Haba Baban Choolwe, yarinya ce fa."

"Yarinya? Dubi kanta kamar kabewa, ga girma ba komai a ciki."

Ya yi dariyarsa ya tafi aiki. Ita Miyanda ko murmushi ba ta yi ba.

Da rana Choolwe ya dawo shi kaɗai. Uwar ta ce ina ƙanwarka, ya ce tana tafe. Aka tuƙa tuwon nshima, ya huce, shiru.

Can da yamma hayaƙi ya tashi. Mu mun saba, sai an ƙona ganyen rake kafin a sara, shanya kawai muke kwashewa saboda toka. Amma Choolwe na hango hayaƙin ya saki kwanon hannunsa.

"Mama! Miyanda na cikin raken nan! Ba ta ci jarabawa ba, ta ce za ta ɓuya sai Baba ya yi barci!"

Uwar ta zura a guje ko ɗankwali babu. Na bi ta.

Mun tarar wuta ta cinye gefe guda, iska na koro ta wajenmu. Rake na fashewa kamar harbin bindiga, ɓeraye na fitowa ta tsakanin ƙafafunmu. Milimo na tsaye da mutanensa, shi ya kunna da hannunsa.

Da ya ji abin da ake ciki, ya ruga bakin gonar.

"Miyanda! Fito nan, maza!"

Shiru. Ya sake daka tsawa. Shiru, sai ƙarar wuta.

Matar ta riƙe masa riga tana kuka. "Daina tsawar nan! Kai take tsoro, ba wutar ba!"

Mutumin nan ya tsaya kamar an zuba masa ruwan sanyi. Sai ya sauke murya.

"Miyanda, uwata. Ni na yi laifi. Ba abin da zan yi miki. Don Allah yi min magana, 'yata."

Wallahi na ɗauka shi ke nan. Sai muka ji ɗan tari daga ciki.

Ya faɗa cikin hayaƙin, muka daina ganinsa. Ni dai na rufe ido ina kiran Allah. Da na buɗe, ga shi ya fito rungume da ita, bayan rigarsa na ci da wuta, maza na bugunsa da ɗanyen ganye.

Ashe kafin su kunna sun zagaya suna kira ko da mutum a ciki, kamar kullum. Ta ji sarai. Muryar babanta ce, shi ya sa ta ƙara shigewa.

Gashinta ya babbake gefe guda. Da ta samu numfashi ta dube shi ta ce:

"Baba, in kwana a gida yau?"

Milimo ya durƙusa cikin toka gaban ma'aikatansa, ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Darasi: Maganar da ka yi da wasa, yaro da gaske yake ɗaukarta. Aji ana maimaita shi, ɗa kuwa in ya tafi ya tafi. Ko na ƙarshe ɗanka ya zo, bari ya san ƙofar gida a buɗe take. Don Allah ku tura wa sauran iyaye kafin a rufe makarantu.