Bushiya da Lambatun Gangare

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso, muna saurare.

Wata Bushiya ce mai tsoron jama'a, raminta yana can ƙarshen gangare, ita da 'ya'yanta huɗu. Duk damina ruwa yakan kwanta a ƙofar manyan unguwa, sai wata rana Dila, mai unguwa, ya tara kowa.

Ya ce, "Za mu haƙa lambatu ya bi ta gangare. Akwai mai magana?"

Kurege ya zunguri Bushiya. "Baiwar Allah, ta ƙofarki fa zai bi. Buɗe baki mu mara miki baya."

Ta ɗaga kai, ta ga idanun manya a kanta. A ranta ta ce, wa zai saurari irina? Sai ta dunƙule.

Dila ya ce, "To, an amince."

Ruwan farko ya sauko tana wajen neman abinci. Da ta dawo, ɗa guda ta tarar da rai.

Ta faɗi gaban Dila tana kuka. "Ranka ya daɗe, lambatunku ya cinye mini uku."

Ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri. Amma taro ne ya yanke, kina ciki."

Ta goyi ɗanta ta bar unguwar. Ko Kurege bai raka ta ba.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya, kan ɗan ɓera.