Ɗan Shilar da Kailu Ya Bari

Akwai wani dillalin awaki a Filinge mai suna Ibrah, mutum mai son girma kamar me. Wansa Kailu kuwa ba shi da abin so kamar tantabaru. Tun rasuwar matarsa, shi da 'yarsa Najiba suke kiwonsu.

Ciwo ya kama Kailu. Ana shirin kai shi likita a Yamai, sai muzuru ya shiga akurki ya yi ɓarna. 'Yan shila uku kawai suka tsira. Biyu sun yi gashi, baƙaƙe ne. Na ukun ko ido bai buɗe ba, shi ne ɗan farar tantabarar da marigayiya ta zo da ita gidan.

Najiba za ta bi uban jinya, don haka Kailu ya kira ƙanensa.

"Manyan ga, jiƙaƙƙen hatsi ya ishe su. Ƙaramin kau, kunu za ka kurɓa, ka sa bakinai cikin naka, kaɗan-kaɗan. Kak ka haɗa su ƙwarya guda."

Ibrah ya ce, "To, Yaya."

Ya fara yi yadda aka ce. Sai wani maƙwabci ya leƙo ta kan danga ya gan shi da tsuntsu a baki. Kafin ranar kasuwa labari ya zaga, dillalai suka raɗa masa Uwar Tantabaru. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

Da safe ya zuba su ƙwarya ɗaya, ya ɗura wa kowanne gero har wuya, yana cewa, "Tsuntsu ai tsuntsu na." Ya saɓa riga ya tafi kasuwa.

Da ya dawo da la'asar, manyan sun tattake ƙaramin har ya mutu. Wuyansa ya yi tauri da geron da ya kasa narkewa. Ibrah ya tona rami a bayan rumbu ya rufe shi, bai gaya wa kowa ba.

Bayan kwana biyu Kailu ya kira a waya, murya da kyar take fita.

"Ƙaramin hwa?"

"Lahiya lau, Yaya. Har ya hwara hwarin gashi."

"Alhamdu lillahi. In ya tashi ka ba Najiba. Na uwatta na, ba ni da abin bar mata da ya hi shi."

Ibrah ya ajiye wayar. Ya ce a ransa in Yaya ya dawo zai nemi gafararsa. Kailu bai dawo ba, a Yamai aka binne shi.

Ranar da Najiba ta iso, ko ruwa ba ta sha ba ta nufi ƙwaryar. Ibrah ya miƙa mata ɗaya daga cikin manyan.

Ta dubi tsuntsun, ta dube shi.

"Baba Ibrah, wanga baƙi na. Baba ya cika yana murmushi, yana ce mini hwarin yana jirana gida."

Ba ta yi kuka a gabansa ba, ba ta zage shi ba. Ta ɗauki biyun ta rene su. Har yau tana durƙusawa ta gaishe shi, amma ba ta ƙara tambayarsa komai ba. Shi kuma in tantabara ta yi kuka a gidan, tashi yake ya fita.

Darasi: In an ba ka amanar mai rauni, kada dariyar mutane ta sa ka sake ta. In kuma ka yi kuskure, faɗi gaskiya tun mai haƙƙin yana da rai. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta.