Funkason Goggo Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa don a hankali za ta zo.

Ta zo mu ji ta, ko da raɗa ce.

Wani Kurege ne, raminsa na jikin katangar wata tsohuwar Bushiya, kowa Goggo yake ce mata. Mijin Goggo, wanda take ce wa Malam, ya rasu saura wata guda a kama azumi, Sallah ta zo ta same ta cikin takaba, ko zaure ba ta leƙawa.

Shekara talatin, duk ranar Sallah in an sauko daga idi, aminan mijinta uku gidan suke wucewa su ci funkaso da miyar taushe. Baba Raƙumi, da Hajiya Dorina, da Malam Zalɓe. To bana in ta fita takaba, 'yan'uwanta za su zo su tafi da ita ƙauye. Wannan ce Sallarta ta ƙarshe a gidan.

Ana jibi Sallah ta kira Kurege ta kan katanga.

Ta ce, “Kurege, so nake su ci su suɗe hannu kamar Malam yana nan. Sau ɗaya kawai. Amma duk sun tsufa, kowa da ciwonsa, kuma Malam ne ya san abin da aka hana kowa. Ni ba dama in fita. Je ka tambayo mini su.”

Kurege ya leƙa madafa. Ga tulun zuma, ga ƙwaryar man shanu, ga gyaɗa tiya biyu, ga soyayyen nama a kwano. Yawunsa ya tsinke.

Ya ce, “Goggo, an gama.”

Ya je wurin Raƙumi. Raƙumi ya ce, “Hawan jini ne, ɗana. A ɗan rage gishiri, shi ke nan.”

Kurege ya dawo yana haki. “Goggo, Baba Raƙumi ya ce ko ƙwayar gishiri ya gani sai ya faɗi. Wannan naman da gishiri kika soya shi?”

“Da shi.”

“Subhanallahi! Kawo in kai bayan gari.”

Ta ba shi. Bayan gari kuwa raminsa ne.

Ya je wurin Dorina. Dorina ta ce, “Ciwon suga ne. A ajiye zumar a gefe, mai so ya zuba, ni da miya zan ci.”

Kurege ya dawo yana salati. “Goggo, Hajiya ta ce ko ƙanshin zuma ta ji sai asibiti. Kawo in kai bayan gari.”

Goggo ta riƙe tulun gam. Ta ce, “Malam ne ya ɗebo ta da hannunsa, bara da rani.”

Kurege ya ce, “Rai ya fi zuma, Goggo.”

Ta ba shi.

Ya je wurin Zalɓe. Zalɓe ya ce, “Gyambon ciki ne. Kada yaji ya yi yawa, sauran duk ina ci.”

Kurege ya dawo har da ƙwalla. “Goggo, Malam Zalɓe ban da yaji, ban da mai, ban da gyaɗa. Kawo in kai bayan gari.”

Ta ba shi, har tana sa masa albarka.

Ranar Sallah Goggo ta gasa funkaso a tanda ba mai, ya fito kamar tafin takalmi. Ta dafa kabewa da alayyafo a tsurar ruwa. Ta ɗanɗana, ta ɓata fuska, ta ce, “Ba komai, tunda lafiyarsu ce.”

Baƙi suka zo, aka shimfiɗa tabarma, aka yi wa mamaci addu'a. Kurege yana kan katanga yana kallo, kumatunsa cike da gyaɗa.

Raƙumi ya kai loma, wuyansa ya miƙe. A ransa ya ce, ai saboda Dorina ne. Dorina ta kai loma, kunnuwanta suka kaɗa. A ranta ta ce, ai saboda Zalɓe ne. Zalɓe kuwa funkason ya tsaya masa a maƙogwaro, ana ganin tudunsa daga waje. Amma kun san kara, wa zai kushe girkin mai takaba?

Goggo daga ƙofar ɗaki ta ce, “Yaya dai? Ya yi?”

Suka ce, “Ya yi, Goggo! Hannunki na nan!”

Tana juya baya, kowa ya tura nasa ƙarƙashin tabarma. Tana juyowa, suna motsa baki. Kafin azahar kwano ya zama wayam, suka yi godiya suka fita.

Kurege ya gangara raminsa, ya ce yanzu ne Sallah. Ya ci nama, ya kora da zuma. Ya ci gyaɗa, ya kora da man shanu. Ya ci, ya ci, ya ci, har ƙishirwa ta kama shi. Ya taso zai fita neman ruwa, kai ya fita, ciki ya ƙi. Ya ja baya, ciki ya ƙi. Ga cinnaku sun biyo zuma suna cizonsa ta baya.

“Wayyo! Jama'a, wayyo!”

Baƙin Goggo suna tsaye a gindin katanga suna shawarar inda za su sami abinci. Suka zagayo. Ga Kurege rabi a waje, gashin bakinsa sharkaf da mai.

Dorina ta sunsuna ta ce, “Wannan ai zumar marigayi ce.”

Raƙumi ya ce, “Ɗan banza! Cewa na yi a rage gishiri, ka kwashe har nama? Ku fizgo shi mu kai shi gabanta.”

Kurege ya ce, “Ku kai ni, Baba. Wallahi ku kai ni. Sai dai in ta tambaya yaya kuka gane ba komai a miyar, me za ku ce? Ba ku ne kuka ce ya yi ba? Ba ku ne kuka ce hannunta na nan ba? Ni ɓarawo, ku maƙaryata, ita kuma yau take dariyarta ta farko tun rasuwa.”

Suka dubi juna. Zalɓe ya sunkuyar da kai. Dorina ta kama Kurege ta fizgo shi fit, ta dungure masa kai, suka watse.

Da la'asar ciki ya ɗan saɓa, Kurege ya hau katanga. Goggo tana share tsakar gida tana 'yar waƙa. Ta ɗaga tabarma.

Funkaso tara, kowanne da cizo ɗaya.

Waƙar ta tsaya. Ta zauna a ƙasa, tsintsiya a hannunta. Can ta ɗago ta gan shi.

Ta ce, “Kurege, ashe hannuna ya bi Malam. Kunyata suka ji, bayin Allah.”

Kurege ya diro. Ya miƙe a kan ƙafa biyu, ya haɗa hannuwa a ƙirji. Maganar ta taso masa har baki.

“Goggo…”

“Na'am, ɗan albarka. Kai kaɗai ka wahala mini. Ɗauki tandar nan da tukunyar, ni na gama girki a duniya.”

Ya dubi tukunya, ya dubi Goggo. Ya ce, “Goggo…”

“Mene ne?”

“Har da murfin?”

“Har da murfin.”

Ya ɗauka ya fita da gudu. Wata biyu bayan nan aka zo aka tafi da ita, ba ta sake hura wuta ba.

Shi ya sa har yau in kun gamu da kurege a hanya, sai ya miƙe tsaye, ya haɗa hannuwa a ƙirji, ya dube ku kamar zai faɗi wani abu. Sai kuma ya ruga.

Kurunkus, kan kurege mai maiƙo. Wanda duk aka gayyata cin Sallah, ya je da ƙafarsa ya faɗi ciwonsa. In kuma zai ɓoye funkaso, ya ɓoye a aljihu.