Mai Ajiye Mota a Gangara

Akwai wani mutum, dattijon ikkilisiya, ana kiransa Ishaku. Yana da farar mota, kullum yana wanke ta, yana kuma fahariya cewa ba ta san ƙofar bakanike ba. Ana nan sai batirinta ya mutu. Kunya ta hana shi faɗa, sai ya sami dabara: duk inda ya je, a kan gangara yake ajiye ta. In zai tafi, ya saki birki, ta gangara, ya sa giya, ta tashi.

Ran Lahadi can kan tudu yake barin ta, ya tako zuwa majami'a da ƙafa. Mutane suka ce tawali'u ne, ya bar wa wasu wuri. Shi kuwa ya karɓi yabon. Barnabas bakanike ne kaɗai ya gane. Ya ja shi gefe ya ce ya kawo motar a canza batir. Ishaku ya haɗe rai, ya ce lafiyarta lau.

Ranar godiyar girbi ya ɗauko buhunan masara, dole ya kai su har bakin majami'a, inda ƙasa take a shimfiɗe. Aka ce ya kashe injin, za a yi addu'a. Ya kashe.

Ana cikin sujada, wata tsohuwa, Mama Rifkatu, ta yanke jiki ta faɗi. Aka ɗauke ta a guje zuwa motar da ta fi kusa, wato tasa, aka kwantar da ita a kujerar baya don a kai ta asibiti. Ya murɗa makulli, shiru. Ya sake, shiru. Matan zumuntar ikkilisiya suka ɗaura ɗamara suna turawa, tayoyi suna nutsewa cikin yashi. Ishaku yana zaune a gaban sitiyari, gumi ya jiƙa masa riga, ya kasa duban kowa.

Sai ga Barnabas daga shagonsa, da sabon batir a kafaɗa. Ya cire tsohon, ya ɗaura sabon, mota ta tashi nan take. Ya sunkuyo ta taga ya ce a hankali, "Baba, tun ranar nan na ajiye maka shi."

Mama Rifkatu ta rayu, amma likita ya ce saura kaɗan. Ishaku ya koma gida ya yi kuka don kunya.

Ma'anar wannan misali ita ce: motar rayuwarmu ce, batirin kuwa zuciya. Da yawa cikinmu addu'a ta mutu a ciki tuntuni, al'ada ce kawai take gangara da mu zuwa sujada, ana yabonmu muna karɓa. Wata rana za ka tsaya inda babu gangara, wani kuma yana dogara gare ka. Ubangiji ya riga ya tanada maka sabuwar zuciya. Kada ka bari sai an kwantar da wani a kujerarka ta baya kafin ka ce wa Ubangiji, "Tawa ta mutu."