Gurbin da Mantau Ya Tsare

Ku yi wa Annabi salati.

Sallallahu alaihi wa sallam.

To, ku matso, ku saurara. An yi wani bawan Allah a wani gari na bakin tafki, masunci, sunansa Mantau. Al'adar garin tun kaka da kakanni, in ruwa ya janye, akwai gurbi guda mai zurfi da ba a su a cikinsa, don nan iyayen kifi ke fakewa da ƙwansu har damina. Sarkin Ruwa ya damƙa wa Mantau tsaronsa.

Sai aka yi shekarar fari. Tafki ya yi ta ja, ya yi ta ja, har ya rage gurbin kaɗai. Zama ya gagari Mantau. Ya je gida, tukunya a kife. Ya dawo, tarwaɗa na juyi a gabansa. Ya koma, ya dawo.

Matarsa Tabawa ta ce, "Malam, yau kwana uku bado muke ci. Tarwaɗa ɗaya tak! Wa zai sani?"

Ya ce, "Tabawa, ɗayar nan dubu ce a cikinta."

"To, ma ci dubun baɗi, in mun kai!"

Ku saurara fa. Da hantsi sai ga mutanen gari da taru. Wani ya ce, "Kai Mantau, kifin nan surukanka ne?"

Mantau ya faɗa ruwa har ƙirji, ya tare gurbin. Ya ce, "Ku fara da ni. Amma ku gaya min, wa ya taɓa daka irin shukarsa ya yi tuwo?"

Suka naɗe taru, suka tafi suna zaginsa.

Da ruwa ya sauka, tafki ya cika, 'ya'yan kifi kamar a ɗiba da ƙwarya. Garin ƙetare kuwa, da suka kwashe nasu gurbin, ruwa suka samu fal, ba kifi ko da ƙarfasa ɗaya. Da tuluna suka zo roƙon iri, Mantau ya cika musu. Tabawa ta kai baɗi, ta ci kifi har ta gaji. Shi kuma ya tsufa yana tsaron gurbinsa.

To, 'ya'yana, amana ita ce abin da ka bari alhali kana jin yunwarsa. Ku da kuke tace tafkinmu da gidan sauro, kuna kwashe har ɗan kifin da bai kai farce ba, ku ji tsoron Allah. Irin jikokinku kuke soyawa.