Keken da Bai Sami Wuri Ba

Akwai wani mutum, autan uwarsa, wanda ya tafi neman abinci a wata ƙasa mai nisa a hayin teku. Ya daɗe a can, Allah kuwa ya sa wa aikin hannunsa albarka. Ya yi aure, ya cika gidansa da kaya masu kyau. Da furfura ta fara fito masa, sai hankalinsa ya koma gida, ya ce wa matarsa, "Mu tattara mu koma ƙasarmu."

Uwarsa tana nan da rai a garinsu, a hannun yayarsa mace, wadda ita ma gwauruwa ce. Tsufa ya riga ya ci ƙafafun tsohuwar, ba ta iya miƙewa. A dā ita ce mai ja wa zumuntar matan majami'a waƙa, yanzu kuwa ran Lahadi sai dai ta ji ƙararrawar majami'a daga kan tabarma. Da yayar ta ji labarin dawowarsa, sai ta kira shi a waya ta ce, "Auta, abu guda Mama take roƙo. Keken guragu take so, domin ta koma zuwa sujada."

Ya ce, "Ai wannan ƙaramin abu ne, Yaya. Ki gaya mata ta ɗauka ya iso."

Ya kuwa saya, mai ƙarfi, mai faɗin taya, irin wanda zai jure hanyar ƙauye. Sa'an nan ya ɗauki hayar kwantena, wato babban akwatin ƙarfen nan da ake ɗora wa jirgin ruwa. Ranar lodi aka shigar da kujerun fata, da gadaje, da firji, da kabad mai gilashi, da dardumomi, har akwatin ya cika zuwa baki. Abu biyu suka rage a waje: keken tsohuwa, da wata kujerarsa ta hutawa, wadda takan kwanta da mutum in ya jingina. Masu lodi suka ce, "Maigida, wurin ɗaya kawai ya rage."

Mutumin ya tsaya yana duban kujerar. A zuciyarsa ya hango kansa a kishingiɗe a barandar sabon gidansa, mutanen gari suna zuwa gaisuwa. Matarsa ta ce, "Keken Mama fa?"

Ya ce, "Keke ai ko a gida ana samu. Ku sa kujerar."

Suka hau jirgin sama suka riga kayan isowa. Uwarsa ta rungume shi da hawaye. Duk sa'ad da ya shiga gaishe ta takan ce, "Auta, kayan sun kusa?" Shi kuwa yakan ce, "Suna kan ruwa, Mama." Bai yi ƙarya da baki ba, amma bai faɗi gaskiya ba. Ya yi niyyar shiga birni ya sayo wani keken, sai dai yau fenti, gobe baƙi, jibi kafinta. Ga kuma tunanin cewa in ya sayo, za a tambaye shi ina na farkon. Haka watanni suka wuce.

Ranar da tirela ta iso da kwantenar, unguwa duka ta fito kallo. Yayarsa ta yi wa tsohuwa wanka, ta ɗaura mata zanen zumunta da kallabi, ta goyo ta zuwa gindin mangwaro, ta zaunar da ita a benci. Matan zumunta suka kewaye ta, gama ta riga ta aika musu cewa wannan Lahadin za su gan ta a sujada.

Aka buɗe ƙofar ƙarfe, aka shiga saukewa. Mutane suna ta yaba kaya. Tsohuwa ba ta dubi firji ba, ba ta dubi kabad ba, idonta yana kan bakin akwatin. In an fito da wani abu a nannaɗe sai ta miƙa wuya, in an kwance ta ga ba shi ba ne sai ta koma ta jingina. A hankali kaya suka ƙare. Yayar ta hau ta leƙa ciki, ba kome sai igiyoyi da yagaggun kwalaye. Ta sauko ta ce, "Auta, ina keken?"

Matarsa ta sunkuyar da kai. Shi kuwa da ƙyar ya ce, "Wuri ne bai isa ba."

Kujerar hutawar nan kuwa tana tsaye a tsakar fili, kusa da ƙafafun tsohuwa, rana tana haska fatarta. Kowa ya dubi kujerar. Matan zumunta suka fara gyara mayafi suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Mutumin ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Tsohuwa ta ce, "Ku mai da ni ciki, rana ta yi zafi."

Yayar ta durƙusa za ta goya ta, sai ya ce, "Bari, Yaya, ni zan kai ta." Da ya ɗauke ta, ya ji ba ta fi damin kara nauyi ba. Suna tafiya ta sa baki kusa da kunnensa ta ce, "Kada ka sa abin a ranka, Auta. Tekun nan da faɗi, kai dai ka ƙetaro lafiya."

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ya kwantar da ita a tabarma, ya durƙusa, ya kasa ɗaga ido. Ya ce, "Mama, wuri ya isa. Ni ne na zaɓi kujerata."

Ta ce, "Na sani. Tun da ka dawo, in na tambaye ka kaya, bango kake kallo." Ta ɗora hannu a kansa. "Na yafe maka. Tashi."

Ran Lahadi ya goya ta da kansa zuwa majami'a, ya ratsa ta gaban mutanen nan da suka ga abin da ya faru, kansa a ƙasa. Bayan haka ya shiga birni ya samo keke. Damina ɗaya tsohuwar ta yi tana zuwa sujada a kansa, sa'an nan Ubangiji ya kira ta. Mutumin ya gode wa Allah saboda daminar nan, amma har ya tsufa, in ya tuna watannin da ta yi tana jiran jirgin da bai ɗauko mata kome ba, sai nadama ta dawo masa sabuwa.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Kwantenar nan ita ce kwanakin ranmu: tana da baki, tana kuwa cika. Kayan su ne abubuwan da muke ɗora wa kanmu, yawancinsu ba mugaye ba ne. Keken shi ne abin da Allah ya sa a hannunka domin wani: iyayen da suka tsufa, mara lafiyan da ka ce za ka duba, alkawarin da ka yi a gaban Ubangiji. Mutumin nan bai ƙi uwarsa ba. Nasa ya fara sawa, nata ya bari sai ƙarshe. Haka mu ma mukan ce wa Allah, "Lokaci ne bai isa ba," alhali kuwa ya isa, mu ne muka zaɓa.

Rana tana zuwa da za a buɗe akwatin kowa a fili. Amma ku lura, gafara ba ta sauka a kan mutumin ba sai da ya bar cewa wuri ne, ya ce ni ne. Ubangiji Yesu yana shirye ya yafe wa wanda ya faɗi gaskiya, sai dai gafara ba ta dawo da watannin da suka wuce. Saboda haka, tun ba a rufe ƙofar ba, kowa ya duba abin da ya bari a waje, ya sauke kujerarsa.