Gwauruwa da Wayar da Maigidanta Ya Ja

A wani gari an yi wata mace, gwauruwa, tana zaune ita kaɗai a gida mai ɗaki huɗu. Maigidanta ne ya gina gidan tun suna da ƙuruciya. Malamin makaranta ne, amma Allah ya ba shi hannu. Shi ya kafa ƙofofi, shi ya yi daɓe. Shekarar da aka kawo wutar lantarki unguwarsu kuma, shi ya hau tsani ya ja waya ɗaki ɗaki, ita tana ƙasa tana riƙe masa tsanin, tana miƙa masa ƙusa. Shekara talatin da ɗaya suka yi a gidan, ba ta taɓa kiran mai gyara ba. In kwan fitila ya mutu, Malam ne. In makunni ya ƙi, Malam ne. Sa'an nan ya kwanta ciwo damina guda, Ubangiji ya kira shi.

'Ya'yansu biyu sun yi nisa wurin aiki, namijin a kudu, macen a babban birni. Ba mugayen yara ba ne, suna ƙaunar uwarsu. Amma hanya da tsawo, aiki kuma ba ya sakin mutum. Saboda haka abin da ƙafarsu ta kasa, sai suka sa mota ta yi. Ɗan ya aiko da firiji. 'Yar ta aiko da dutsen guga da butar lantarki. Da Kirsimeti ta zagayo suka haɗu suka aiko da babbar talabijin, da injin jan ruwa daga rijiya. Duk abin da ya zo, sai ta yi godiya ta nema masa wuri a bango ta jona. Gida ya cika da kaya masu ƙara, amma mai amsa sallama babu. Takan kunna talabijin ba don ta kalla ba, don dai a ji muryar mutum a falo.

Wata Asabar da rana tsaka tana gugar zanen da za ta ɗaura zuwa sujada, buta tana kan wuta, injin ruwa yana aiki, sai ta ji warin roba. Ta ɗauka maƙwabta ne suke ƙona shara. Can sai bango ya yi ƙara, tartsatsi ya fito daga soket, wani baƙin layi ya fara hawa zuwa sama, hayaƙi kuma yana tsiyaya ta gefen silin. Abu ɗaya maigidanta ya taɓa koya mata, wato babban makunnin da ke kusa da mita. Ta ruga ta ja shi ƙasa. Kome ya yi tsit.

Ta juya wajen ɗakin kwana ta ce, "Malam," kafin ta tuna. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa.

Ta ɗauki wayar hannu ta kira ɗanta, bai ɗauka ba. Ta kira 'yarta, kira bai shiga ba. Fasto ya tafi taro wani gari. Ta bi sunayen da ke cikin wayar ɗaya bayan ɗaya, ta tarar da yawansu suna kabari, sauran kuwa tsofaffi ne kamarta. Ba ko ɗaya da ya san aikin wuta.

Sai ta yafa gyale ta fita. Gidan da ke kusa da nata an daɗe da sayar wa baƙi, sun ɗaga katanga, ba ta ma san sunansu ba. Ta buga ƙofa, kare ne kaɗai ya amsa. Ta je wurin mai shago a bakin layi. Ya ce, "Ayya Mama, mai gyaran wutar da na sani ya tafi ƙauye biki. Sai dai ki gwada bakin kasuwa, layin masu kayan wuta." Ta kama hanya da ƙafa, gwiwa tana ciwo, tana tafe tana waiwaye ko za ta hango hayaƙi a kan rufinta. Na farkon da ta samu ya ce sai Litinin. Na biyun bai ɗaga kai daga abin da yake yi ba, ya ce yana da aiki.

A ƙarshen layin ta iske wani mutum mai suna Habila, yana rufe shagonsa. Ya saurare ta har ta gama, sa'an nan ya ce, "Mama, kin kashe babban makunni?"

Ta ce, "Na kashe."

Ya ce, "Wa kika bari a gidan?"

Ta ce, "Ba kowa, ɗana. Ni kaɗai ce."

Bai ƙara tambaya ba. Ya buɗe shagon ya ɗauko jakar aikinsa, ya ɗora ta a bayan babur, suka tafi.

Da suka isa ya kwance soket ɗin da ya ƙone, ya hau cikin silin da tocila, ya daɗe. Da ya sauko ya zo da guntuwar waya a hannunsa. Ya murza ta a gabanta, fatar wayar ta zube kamar busasshen ganye. Ya ce, "Haka take duk gidan. Katakon rufi ma ya fara baƙi a wuri biyu. Allah ne ya kiyaye. Sai an cire tsohuwar waya duka an ja sabuwa mai kauri, a sa akwatin da zai katse wuta da kansa in kaya sun yi yawa."

Gwauruwar ta ce, "A'a. Ka canja soket ɗin nan kawai. Maigidana ne ya ja wannan waya da hannunsa."

Gama a zuciyarta, kayansa na sawa an raba, littattafansa yara sun kwashe, kekensa an ba ɗan ƙanensa. Abin da ya rage yana aiki a gidan daga hannunsa, wayar nan ce. Duk sa'ad da ta danna makunni fitila ta kama, sai ta ji kamar har yanzu yana yi mata hidima.

Habila ya dubi wayar ya ce, "Wanda ya yi aikin nan gwani ne, Mama. Na ga yadda ya ɗaure kowane mahaɗi, ba gaggawa a ciki. Amma don kwan fitila shida da rediyo ɗaya ya ja ta. Bai san za a ɗora mata firiji da injin ruwa ba. Da yana nan, da kansa zai cire ta."

Ta ce, "Ba ka san shi ba, kada ka faɗa mini abin da zai yi."

Ya ce, "Gaskiya ne, ban san shi ba. Amma in na canja soket na mayar miki da wuta, na yi miki ƙarya, ni kuwa ba zan iya ba." Ya zare fis ɗin da ke kusa da mita ya ajiye mata a kan tebur, ya rubuta lambarsa a takarda, ya yi sallama ya tafi.

Kwana uku ta yi ba wuta. Naman da ke firiji ya lalace, ta zubar. Ta koma jan ruwa da guga, kaɗan kaɗan, gwargwadon ƙarfinta. Ran Lahadi ta je sujada da zane rabinsa gogagge, mutane suka gaishe ta a bakin ƙofa, ta ce lafiya lau, ba ta gaya wa kowa ba. Ɗanta ya kira daga baya, shi ma ta ce masa lafiya lau. Sau biyu ta ɗauki fis ɗin za ta mayar da kanta, sau biyu ta ajiye. Ba talabijin, ba ƙarar firiji, sai ta ji girman shirun da ta daɗe tana rufewa. Ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar jana'iza.

A rana ta uku tana zaune a tsakar gida tana kallon rufi, sai ta tuna wani abu. Farkon aurensu, a ƙauye, sun zauna a ɗakin ciyawa wanda surukinta ya yi wa jinka da hannunsa. Bayan tsohon ya rasu, jinkar ta fara yoyo a kan shimfiɗar jaririnsu. Maigidanta ya hau ya yaye ta duka, yana hawaye, ya sa kwano. Da dangi suka yi gunaguni, cewa ya yi, "Baba ya yi rufin nan don mu bushe ne, ba don mu jiƙe a ƙarƙashinsa ba."

Ta tashi ta nemo takardar, ta kira Habila.

Kwana huɗu ya yi yana aiki. Ya fasa inda ya kamata a fasa, ƙura ta cika ɗakuna. Ran ƙarshe tsohuwar waya ta taru tsibi guda a tsakar gida, baƙa, a murɗe. Gwauruwar ta tsaya a kanta tana kallo. Habila ya riga ya ɗaure jakarsa, amma da ya ga fuskarta sai ya jawo kujera ya zauna. Ya ce, "Mama, wane irin mutum ne shi?" Tun da aka watse daga zaman makoki ba wanda ya yi mata wannan tambaya. Ta ba shi labari har rana ta yi sanyi. Sa'an nan ya nuna mata yadda sabon akwatin yake aiki, ya hau babur ya tafi. 'Ya'yanta ba su zo ba sai ƙarshen shekara, ɗakuna uku suna nan a rufe. Amma wuta ba ta ci gidan ba.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Gidan nan ran mutum ne. Tsohuwar waya ita ce abin da muka dogara gare shi a dā, ya kuwa riƙe mu da gaske: ƙarfin jikinmu, ko matsayinmu, ko wani mutum da Allah ya ba mu ya kuma karɓa. Ba mugun abu ba ne. Amma kwanaki suna ƙara kaya, abin da ya ɗauki nauyin jiya ba lalle ya ɗauki na yau ba. Wani ma bangaskiyar iyayensa yake ta jona wa kaya, bai taɓa durƙusawa ya nemi tasa ba. Yana jin warin ƙuna a ransa, sai ya ce na maƙwabta ne.

Mu dai faci muke so. Mukan ce, ya Ubangiji, gyara mini wannan wuri ɗaya, ka bar sauran yadda yake. Ubangiji Yesu kuwa ba ya yi mana ƙarya. Ba ya raina abin da muke kuka a kansa, ba ya kuma fasa ƙofa ya shiga da ƙarfi. Yana faɗin gaskiya, ya jira. Wani lokaci shirun da muke gudu, a cikinsa ne muke jin muryarsa.

Akwai kuma kalma domin ku da kuke da tsofaffi a gida. Aike yana da kyau, kada ku daina. Amma firiji ba ya tambayar uwa yaya ta kwana.

Ta ƙarshe tamu ce duka, mu da muke zaune a benci ɗaya. Matar nan ta zo sujada gidanta ba wuta, muka ce ina kwana, ta ce lafiya lau, muka wuce. Yau in an tashi, za ku gaisa da wani wanda zai koma gidan da ba kowa. In ya ce lafiya lau, kada ku yi saurin sakin hannunsa. Ku sake tambaya, ku tsaya ku ji amsar.